Taragon Gyaɗa da Taragon Shanu

Litinin, 6 ga Mayu

Abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Sakina da muke benci ɗaya: kwana huɗu ke nan takardar malamarmu Madam Balkisa tana hannuna, ban ba Baba ba. Tana cikin littafin soyayyar da nake ɓoyewa ƙarƙashin zannuwana, daidai shafin da yarinyar take leƙe ta tagar jirgi.

Madam ta rubuto ne tana neman izninsa in tafi Yamai da aikina, wurin baje kolin ayyukan hannu na ɗalibai. Ran 20 ga wata ake rufe sunaye. Yau ta tambaye ni, na ce Baba yana tunani. Allah ya yafe min.

Ba tsoron ya hana nake ba. Tsoron ya yarda. A can sai mutum ya tsaya gaban alƙalai ya yi bayani, da Faransanci kuma. Ni da ko gaban tabulo, allon ajinmu, aka kira ni sai alli ya jiƙe a hannuna.

Laraba, 8 ga Mayu

Kowa a aji ya zaɓi abin da ya sani: rijiya, rumbu, amalanke. Ni na ce jirgin ƙasa, abin da ban taɓa gani ba. Garinmu Filinge ko ƙarfen layin dogo guda babu. Gaskiya daga littattafai na ɗauko shi, can kullum a tasha ake rabuwa, ana ɗaga hannu, hayaƙi yana rufe fuskar mutum. Amma Madam ta ce ba ta son abin wasan yara. Tarago na ainihi take so, irin na da, da ma'auninsa, da ɗan layin gefen da ake ajiye shi a yi lodi. Wanda na fara yi da kwali shi ta gani ta rubuta takardar, ta ce in sake shi da kyau kafin tafiya.

Kakana Magagi shi ne littafina. Yana saurayi ya yi cin rani shida a Ƙauran Namoda yana lodin gyaɗa. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, amma tashar tana nan cikin kansa har da warinta. Da na zauna da kaye, littafin rubutuna, da biron bik sai ya ce, “Amarya, mi kika biɗa ga tarago? Ko gudu za ki yi ki bar ni?” Na ce in na samu mai haƙora, eh. Shi kaɗai nake iya yi wa irin wannan.

Ya ce tsawon tarago gaba shida. A rufe yake ruf, ko iska ba ta shiga, rufin ƙarfe, ƙofa ɗaya a tsakiya, ba buɗe ta ake ba, tura ta ake gefe. Na mai da kowace gaba santimita huɗu.

Alhamis, 9 ga Mayu

Zafi. Kol, gam ɗin aikina, ya narke a aljihun jakata, ya manne min shafi uku.

Asabar, 11 ga Mayu

Baffa Salihu ya zo, abokin Kaka, Bafillacen da ke kawo mana nono tun kafin a haife ni. Ya ji ina tambaya sai ya ce ai shi ya kamata a tambaya, don Magagi daga waje ya san jirgi, shi kuwa cikinsa ya kwana. Wai sau biyu ya raka shanu kudu, kwana uku a tarago. Ya ce jikin tarago katakai ne jere da tazara, har kana iya zura hannu ka taɓa ganye in jirgi ya rage gudu.

Kaka ya ce ƙarya ce, nono ya toshe masa kai. Baffa ya ce mai buhu a ka ina ya ga abin da ke sama da shi. Suka yi ta yi har la'asar. Ni dai na rubuta duka biyun, kaina a ƙasa.

Yanzu ya zan yi? In na bi Kaka na ƙaryata Baffa. In na bi Baffa...

Lahadi, 12 ga Mayu

Na raba musu. Gefe ɗaya na rufe da gwangwanin madara da na daddaƙe, na Kaka. Ɗaya gefen na jera ɓawon kara da tazara, na Baffa. Kowa in ya zo sai in juya masa nasa.

Ƙafafun sun fi ba ni wuya. Murfin kwalba yana zamewa daga layi, sai da na haɗa biyu biyu, ƙarami a jikin babba, don ya samu leɓen da zai riƙe. Layin kuwa wayar ƙafar keke ce, Yaya Yahaya ya kwance min daga tsohon kekensa bai ko tambayi dalili ba. Na tura taragon da yatsa, ya tafi har ƙarshe bai faɗi ba. Na tura shi ya fi sau ashirin. Inna ta ce gero ba zai surfa kansa ba.

Talata, 14 ga Mayu

Asirina ya tonu. Na manta Kaka da hannu yake gani, ba a juya masa abu.

Ya karɓa, ya shafa gefensa, ya tura ƙofar da farce ta tafi, ya yi dariya har da tari. Sai yatsunsa suka zagaya baya suka faɗa cikin tazarar karan. Ya ce, “Wa ya hwasa wanga? In ruwa ya sauko, gyaɗar mutane hwa?”

Ya miƙo min shi, ya ce a tarago irin wannan ko buhu ɗaya ba zai sa ba. Bai kira ni amarya ba.

Na shiga ɗaki na yi kuka, ba mai yawa ba. Wani sashen zuciyata har daɗi ya ji: aiki ya lalace, ba tafiya, takarda ta zauna inda take. Sai dai kalmar nan ta gyaɗar mutane ta ƙi barina. Shanu ai ba ruwansu da ruwan sama. Iska suke so.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na tsaya bayan an tashi, na roƙi Madam ta ara min wayarta. Mun yi ta nema, layin sadarwa yana zuwa yana tafiya, har muka samu tsofaffin hotuna marasa launi. Ga tarago rufaffe, mutane jere da buhuna a ka. Can ƙasa kuma ga wani mai tazara, ƙaho ya leƙo ta tsakanin katako.

Biyu ne. Tun farko biyu ne. Kowannensu nasa ya sani, ya ɗauka shi ne tarago duk duniya, ni kuma kunya ta hana ni tambaya mafi sauƙi: me aka zuba a ciki?

Na zana su a kaye, na ƙirga katakan, na auna ƙofa da tsawon mutumin da ke tsaye kusa da ita. Madam ta ce wannan shi ake kira bincike. Sannan ta ce saura kwana huɗu, Samiratu. Na ce to.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na ɓalle taragon gida biyu. Ban taɓa littafin soyayyar ba yau, ko shafi ɗaya.

Asabar, 18 ga Mayu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Da hantsi na ɗauki faifan katakon da na kafa wa layin, taragu biyu a kai, na nufi gindin dogon yaro inda Kaka ke zama. Na ɗauka shi da Baffa kaɗai ne. Ashe tsofaffi sun kai bakwai, ana maganar hadarin da ya taso jiya ya watse, da ta waɗanda suka riga suka yi binnen iri kafin ruwa. Na so in juya, Baffa ya riga ya gan ni.

Suna taɓa taragun gardama ta dawo sabuwa, kowa ya riƙe ɗaya yana cewa ɗayan ne na ƙarya. Har Kaka ya fara laluben sandarsa. Sai na ji wata murya ta ce, “Ku dakata, duk ku biyu kuna da gaskiya.” Tawa ce.

Na tambayi Kaka me ya loda, ya ce gyaɗa. Na tambayi Baffa da wa ya kwana, ya ce da shanu. Na kama hannun Kaka na ɗora a kan mai tazara, na ce wannan ba naka ba ne, ba a taɓa ba ka shi ba. Na yi bayanin hotuna, da leɓen ƙafa, da yadda gaba ta zama santimita huɗu. Wani tsoho ya tambayi yadda saniya ke hawa abu mai tsawo haka, na ce ban sani ba, amma zan bincika. Baffa ya ce ai tudun ƙasa ake yi daidai bakin ƙofa. Sai Kaka ya ce ya tuna, akwai wani layi can bayan ɗakunan ajiya, suna jin kukan shanu daga can, shi bai taɓa zuwa ba saboda ƙuda.

Ke nan layin gefe ma biyu zan yi, ɗaya da tudu.

Kaka ya ce wa Baffa to ya yarda, an yi tarago na dabbobi, shi ya sa aka sa shi ciki. Ya ce amarya ta rama masa. Ban ga ta inda na rama masa ba, amma na bar shi.

Da na juya, Baba yana tsaye a bayana da hauya a kafaɗa, daga gona. Ban san tun yaushe ba. Ya dube ni, ya dubi taragun, ya ce, “Ashe ɗiyata tana da murya.” Ya wuce gida.



Lahadi, 19 ga Mayu

Na gama tudun da laka, yana shan rana. Na ɗinka buhuna tara, kowanne kamar kan yatsa, na cika da rairayi.

Ɗazu ina wanke-wanke na kama kaina ina neman yadda ake cewa leɓen ƙafa da Faransanci. Ba wai don wani abu ba.

Har yanzu ina tsoro. Alƙalan Yamai ba tsofaffin gindin dogon yaro ba ne, ba wanda zai kira ni amarya. Wataƙila in tsaya in rasa bakin magana. Amma in ban je ba, wani zai ɗauki taragun ya ce wannan na fasinja ne, ko ya ɗora na gyaɗa a layin shanu.

Na ciro takardar. Ta ɗan lanƙwashe a gefe, na danne ta da kwanon Inna. Zan kuma gaya masa kwana nawa ta yi a wurina, wannan ya fi ba ni tsoro a kan Faransancin.

Yana alwala. In ya dawo daga masallaci zan kai masa ruwa, takardar a ƙarƙashin kofi.