Ƙafa Takwas a Littafin Zuriyarmu

Litinin, 3 ga Yuli

Ruwa ya ɗauke bayan kwana goma sha tara, bango sai gumi yake. Saura kwana ashirin mu yi bikin shanya littafin zuriya a rana, kamar kowace shekara. Ni ne kuma zan karanta gabatarwarsa a zauren kakanni, karo na talatin da ɗaya.

Yaya Deshun, shugaban danginmu na Shao, ya shigo mini da baƙuwa daga jami'ar birni, Yue Qiaolan. Wai tana nazarin tsoffin littattafan dangi. Farin takalmi a wannan taɓon. Sau bakwai ta ce mini "Malam Shao", na ƙirga. Girmamawar ta yi yawa, ban yarda da ita ba.

Laraba, 5 ga Yuli

Na buɗe mata akwatin littafin. A tsaye ta karanta gabatarwar, leɓenta na motsi, tana buga yatsa a tebur. Na bi yatsan da ido: ɗaya, biyu, har takwas. Sai ta tambaye ni wa ya rubuta. Na gaya mata abin da kowane yaro a garin nan ya sani, Kaka Yuanzhi ne, wanda ya gudo daga yaƙi a ƙarshen daular Tang ya kafa ƙauyen. Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ya tsaya mini a wuya har yanzu.

Asabar, 8 ga Yuli

An gan ta tsallaken rafi tana cin taliya a ƙauyen 'yan Ren. Ashe! Shekara nawa 'yan Ren suna cewa sun riga mu zuwa kwarin nan, gabatarwar nan ce kaɗai take rufe musu baki. Na faɗa wa matata Cuixia. Ko ɗagowa ba ta yi daga yankan awara ba, ta ce duk kwarin nan a ina kuma ake sayar da taliya, in ba can ba. Wai tsufa ya mai da ni ɗan sanda.

Ita ma Cuixia uwarta 'yar Ren ce. Na dai tuna ne kawai.

Talata, 11 ga Yuli

Ta fito da abin da ke cikinta. Muna shan shayi ta ce, cikin ladabi har da sunkuyar da kai, gabatarwar ba ta yi mata kama da rubutun zamanin Tang ba. Jimla biyu na farko suna buɗe batu, sannan sakin layi takwas, biyu-biyu, kowanne yana fuskantar ɗan'uwansa. Rubutu mai ƙafa takwas ke nan, na masu zaman jarrabawar sarki a zamanin Ming da Qing. Tsakaninsa da Kaka Yuanzhi ya fi shekara ɗari biyar.

Na ce mata, 'yata, tun kafin Tang mutane suke jera jimla biyu-biyu, kalma huɗu da kalma shida. Ta ce haka ne, amma waɗancan gajeru ne kamar takun tsuntsu, ba sakin layi guda ba. Na ce a Tang ɗin ma wasu sun gaji da ado sun koma rubutu tsirara irin na mutanen farko, kowa da hannunsa. Ta ce, "Malam, ai kai ka fi ni sani."

Nan ta ƙona mini rai, domin na sani ɗin. Shekara talatin da takwas ina zana salon rubutun kowace daula a allon makarantar sakandare: Han da dogayen yabonsu masu tara sunayen duwatsu da dabbobi, Tang da baiti takwas a ƙa'ide, Song da waƙoƙin da ake ɗorawa kan kiɗa, Yuan da na dandalin wasa, sai Ming da ƙafafunsu takwas, waɗanda nake wa dariya yara su taya ni. Amma wa yake ƙirga ƙafafun kakansa?

Alhamis, 13 ga Yuli

Ban buɗe littafin ba. Ba tsoro ba ne, danshi ne.

Asabar, 15 ga Yuli

Na je wurin Yaya Deshun, na ce yarinyar nan za ta zubar mana da mutunci a gaban 'yan Ren. Yana gyaran kejin tsuntsunsa, ya ce, "Kai dai ka karanta yadda ka saba, ƙanena."

Bai tambaye ni me ta ce ba. Me ya sa bai tambaya ba? Ko ta riga ta gaya masa, ko kuma bai buƙaci a gaya masa ba. Duk hanyar dawowa ina juya wannan, har na wuce ƙofar gidana.

Talata, 18 ga Yuli

Na ƙirga. Takwas ne.

Juma'a, 21 ga Yuli

Da hantsi na fito da littattafan zuriyar, duka goma sha biyun, don in goge akwatin kafin Lahadi. A ƙasa akwai takardar shimfiɗa da ban taɓa ɗagawa ba, domin Baba bai taɓa ɗagawa a gabana ba. Danshin bana ya tattare gefenta. A ƙarƙashi na tarar da ƙunshi, an ɗaure da zaren rama, a kansa an rubuta: kada a shanya waɗannan. Rubutun Baba ne. Ko a mafarki na san yadda yake jan wutsiyar alƙalami.

Na zauna a ƙasa, na kwance zaren.

Rubuce-rubucen gwajin jarrabawa ne, ashirin da wani abu, duk na wani Shao Maolin, da jan tawadar malaminsa a gefe: ya yi tsawo, ya cika tausayi, mai jarrabawa ba zai so ba. Uku daga ciki sun rufe da rafin da ya rabu a jikin dutse ya sake haɗuwa. Da wannan rafin gabatarwarmu ta rufe. Ni da nake tsayawa a daidai wurin kowace shekara in ja numfashi don tsofaffi su share ido.

Na neme shi a littafi na bakwai. Layi ɗaya aka ba shi. Zamanin Qing, ya zauna jarrabawa sau bakwai bai ci ba, ya koyar da yara, shi ya sake kwafe littafin zuriya bayan gobara, bai bar ɗa ba. To ga shi nan. Wuta ta cinye shafin farko, dattawa suna jira, mutum ya zauna ya yi magana a madadin kakansa da hannun da aka koya masa, don ba shi da wani.

Baba ya sani. Shekara ashirin yana gyara mini murya a kan wannan shafin, bai ce uffan ba. Na yi fushi da shi yau, matacce da shi, fushi sosai.

Asabar, 22 ga Yuli

Yue ta zo sallama, gobe bayan biki za ta koma. Ta ce ba za ta sa sunan ƙauyenmu a rubutunta ba sai na yarda. Na nemi dabara a cikin maganar, ban samu ba tukuna. Ban nuna mata ƙunshin ba.

Lahadi, 23 ga Yuli

Rana ta fito tas. Mun jera tebura a farfajiya, mun buɗe littattafan shafi-shafi, an kunna turare, mutum kusan ɗari biyu, har da waɗanda suka zo daga birni da 'ya'yansu. 'Yan Ren biyu a bakin ƙofa, wai wucewa suke.

Na miƙe. A al'ada da "Kaka Yuanzhi na zamanin Tang ya ce" ake buɗewa. Bakina ya ce, "Wani kakanmu ya rubuta." Tari ne ya shaƙe ni, ina jin. Ba wanda ya lura sai Yaya Deshun, ya dube ni, ya mai da idonsa ƙasa. Wannan duban ya ishe ni amsa.

Na karanta. Karon farko ina jin ƙafafun suna taka ƙasa biyu-biyu, kuma ba su ba ni dariya ba. Da na kai rafin, mutum ɗari biyu suka sunkuyar da kai ga rubutun da aka kayar sau bakwai. Na daɗe a wurin jan numfashin fiye da yadda na saba.

Litinin, 24 ga Yuli

Ban ce yarinyar ta yi gaskiya ba. Na dai karɓi lambar wayarta, ko da wani abu.

Allon sunan Maolin yana layin ƙasa a zauren kakanni, can lungu, inda muke jingine tsintsiya. Na goge shi, na kunna masa turare uku. Takardunsa suna kan tabarma a bayan gida, rana tana dukansu.

Cuixia ta tambaye ni me tsintsiyar zaure take yi a madafarta. Na ce can ɗin akwai danshi.