Wadda Ka Nuna a Ƙarƙashin Zane

Zuwa ga Fatsani, sanyin idona, ruwan randata, inuwar da nake fakewa in rana ta take, kai da kake sa ni dariya ina tsakiyar fushi.

Ina gaishe ka, amma kada ka ɗauka gaisuwar mai daɗi ce. Tun ranar baikonmu ba na iya cin tuwo. Kishi ke ci na, Fatsani, kuma ba zan sa masa wani suna don in kare mutuncina ba.

Ka tuna yadda aka yi? Ina tambaya ne don na san ka, mai yiwuwa rabin abin ya wuce ka. Danginka sun zo tsakar gidanmu a Chilobwe da zakaransu, Kawu Namaona yana riƙe da kazar da za a ba ku a madadinsa. Aka lulluɓe ni da wasu 'yan mata da zannuwa daga kai har ƙafa, ana fito da mu ɗaya bayan ɗaya, kai kuma aikinka ka yi ta cewa ba ita ba ce har a zo kaina. Wasa ne da ko yaron goye ya san ƙarshensa! Ta farko ka kore ta, aka yi shewa. Ana fito da ta biyu sai ruwa ya sauko a kan kwanon rufi. Ina bayan ƙofa, zufa ta jiƙa ni, sai na ji muryarka, muryar nan da nake ganewa ko a hayaniyar kasuwar Limbe, ta ce: “Ita ce.”

Aka yaye zane, sai ga Esinati, 'yar ƙanwar uwata, tana washe baki. Wayyo ni! Mata suka kwashe da dariya, can dariyar ta mutu da suka ga Kawu ya maida kaza cikin kwando. Gwaggo Nabanda ta tafa hannu ta ce: “Ba na faɗa muku ba? Jininsu ne! Ubansa ya taɓa zuwa niƙa ya dawo da buhun wani, kakarsa kuwa ba ta taɓa sauke tukunya ba ta ƙone ba. Ke Tiyanjane, haka za ki haifo mana su, ana kira suna kallon tsuntsu?”

Na kare ka, ka sani. Na ce musu tun kana makaranta hankalinka ba ya zama wuri ɗaya, amma kana riƙe da abinka, kana gyaran rediyo kana ci da kanka. Na ce sai daga shekarar da ruwan sama ya sa dutsen Soche ya zubo da laka ya binne ɗakinku da wanka Yohane a ciki abin ya fi ƙarfinka. Na maimaita musu abin da likitar da muka je wurinta ta gaya mana ni da kai: akwai abin da mutum ke gada a jini, yana kwance lafiya, sai wahala ta zo ta tashe shi, kuma akwai taimakon da ake samu. Na faɗi wannan duka da baki mai ƙarfi, kamar wadda ba ta da shakka. Da na koma ɗaki sai na fashe da kuka.

Don ina da shakka, abin ƙaunata. Me ya sa Esinati? Me ya sa ba ta farkon ba? Wa ya taya ka tonon laka da hannu ranar nan, lokacin ni ina Zomba wurin aiki ban san abin da ake ciki ba? Wa ya riƙa kai maka kunu a ajin makarantar da aka tsugunar da ku? Ita ta ga kukanka na farko, ni labarinsa kawai aka ba ni. To da ruwa ya buga kwano hankalinka ya gudu can, wa ya tarar tsaye a wurin? Ciwonka ne ya yi magana da bakinka, ko zuciyarka ce ta samu ƙofa a buɗe?

Na yafe maka abubuwa da yawa ban ko ji ciwo ba. Ka bar ni tsaye a tashar mota har inuwa ta juya, don wata tsohuwar rediyo ta fara tari a hannunka. Ka sayo mini kifi ka manta shi a kan benci, ƙuda suka yi walima. Ina maka zancen ɗakin da za mu kama, kai kana bin tururuwa da ido. Har rediyon na yi kishi da su, wallahi, don su kaɗai kake kallo tun safe har yamma ba ka ɗaga kai ba. Amma rediyo ba ta da hushirya, kuma ba ta wucewa ta ƙofar ɗakina tana cewa: “Yaya, ki yi haƙuri fa, ni ma ban so ba,” alhali idonta na rawa.

Duk da haka, wa nake da shi in ba kai ba? Wa ya taɓa tsayar da ni a tsakiyar hanya don in ga yadda hazo ke sauka a kan gonakin shayi? Hankalin nan naka mai yawo shi ya tsinto ni a cikin taron mawaƙan coci, ina can baya inda ba mai kallo. Ina son ka da shi, ina son 'ya'yan da za su gaje shi, Gwaggo ta sha kuruminta.

Yanzu ga inda aka tsaya. Na durƙusa wa Kawu har gwiwata ta yi zafi, ya yarda a sake zama ranar Asabar. Ya ce wannan ce ta ƙarshe, in aka kuma yin kuskure danginka su ɗauki zakaransu. Mama ta ce in ɗaura zare a yatsan ƙafa in aika maka da alama. Kawu ya ce a cire Esinati daga cikin masu lulluɓi don a huta. Na ƙi duka biyun. Ni da bakina na roƙa a sake lulluɓe ta, zane iri ɗaya da nawa, a fito da mu tare.

Ka koma wurin likita kafin ranar, ka yi barci, ka ci abinci. In ka tsaya a gabanmu kada ka yi sauri, ko mutane za su yi ta tsaki. Ka jira sai hankalinka ya dawo gida tukuna, sannan ka ɗaga hannu. Duk wadda ka nuna a lokacin, zan san kai ne ka nuna ta.

In ni ce, ba za ka ƙara jin sunan Esinati a bakina ba. In ita ce, ba zan yi ihu ba, ba zan ma yaye zanen ba, don kada ka ga fuskata.

Taka, wadda ba ta taɓa nuna wani ba kuma ba za ta nuna ba,

Tiyanjane