Mabuɗin Manhaja da Abin da Ke Tsakanina da Baffanku

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku ne na rubuta wannan da hannuna, a teburin nan na jikin taga, hankalina ƙalau. Ƙoda ce ta gaza, kaina bai taɓu ba. Jiya ma sai da na gyara wa likita kwanan watan da ya rubuta ba daidai ba. Don haka kada wani ya ce ciwo ne ya yi magana.

Gida da mota a raba su yadda addini ya tsara. Abin da zan faɗa a nan shi ne wanda alƙali ba zai san yadda zai raba ba.

Na ɗaya. Kwamfutar tebur ta Auta ce, tunda shi ya fasa gefen gilashinta yana ƙarami. Littattafan da nake zana tsarin aiki a ciki, guda goma sha ɗaya, na Babban Yaya ne. Na san ba za ka karanta ba, kai da ka zaɓi gyaran haƙori. Ka dai hana gara cin su.

Na biyu, manhaja. Kun taso kun gan ta kamar ƙanwarku, amma bari in rubuta don jikoki. Shekara goma sha tara da suka wuce na rubuta ta domin masu ƙananan shagunan magani, tana ƙirga musu abin da ya rage a kan kanta, tana gargaɗinsu idan wa'adin magani ya kusa ƙarewa. Na bar rubutunta a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya iya ya gyara. Muka buɗe zaure a intanet inda masu amfani da ita suke kawo tambaya. Mabuɗin da ake karɓar gyara ko a ƙi shi da shi a lokacin yana hannun mutum biyu, ni da ƙanena, Baffanku.

Ni na koya masa aikin nan. Ni na riƙe masa yatsa a kan madannai. Har gobe idan aka ba mu matsala ɗaya, zan gama kafin ya gyara zama. Amma ku shiga zauren ku ƙirga godiya. Tasa ta ninka tawa sau goma. Sun sa masa suna Malam Sannu, don ba ya fara amsa sai ya ce wa mai tambaya sannu da ƙoƙari. Ni ba su sa mini suna ba, ko kuma sun sa a inda ba na gani.

Amsata gajeruwa ce, kuma daidai ce. An amsa wannan, duba sama. Karanta bayanin kafin ka tambaya. Shi kuwa sai ya ɓata rabin awa a kan mutumin da bai san inda ake kunna na'urar buga takarda ba. Na riƙa ce wa mahaifiyarku neman suna yake yi. Ita kuma ta ce to kai me ya hana ka nema.

Wata rana wata mata mai shago ta rubuto, rubutu duk kuskure, ta ce manhajar tana nuna mata maganin tarin yara yana da sauran wata bakwai, alhali kwalbar ta nuna ya lalace. Na ce mata ta koyi shigar da kwanan wata tukuna, zauren nan ba ajin yaƙi da jahilci ba ne. Mutum huɗu suka sa alamar dariya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Baffanku ya shigo ƙarƙashin amsata. Ya gaishe ta, ya roƙe ta hoton kwalbar da hoton allon kwamfutarta. Sai da ta kwana biyu ta turo, ta ce ta ji kunya ne. Da ya duba, gaskiyarta ce. Manhajar tana juya rana da wata a wasu kwamfutocin. Layin da ya jawo haka ni na rubuta shi. Ya gyara, ya aika wa shaguna sama da ɗari uku su binciki kantocinsu, ya rubuta cewa kuskurenmu ne, mun gode wa Hajiya da ta gano. Bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya.

Da ya tona ni, da na samu abin faɗa da shi. Rufin asirin nan ne ya tsaya mini a wuya. Bayan mako uku na cire shi daga mabuɗin, na ce ya karɓi wani gyara ba tare da shawarata ba. Gaskiya ne ya karɓa, amma ba shi ne dalili ba. Ya ci gaba da amsa tambayoyi kamar kowane baƙo, shekara bakwai ke nan, kuma a gaisuwar safiya yana kira na Yaya kamar babu komai. Wannan ma haushi yake ba ni.

Na uku, ke 'yata Injiniya. Na san wurin Baffanku kike kai aikinki tun kina makaranta. Na taɓa ganin saƙonki a buɗe, kina tambayarsa abin da ni na rubuta da hannuna, ina zaune ɗaki ɗaya da ke. Kwana uku ban ci abincin kirki ba, na ce muku ciki ne. Ban tambaye ki dalili ba don na san shi. Ranar da kika fara nuna mini rubutunki na manhaja kina shekara goma sha huɗu, kurakurai tara na ƙirga miki, ban ce sannu ba. Ki yafe mini. Amma ki sani, hannunki irin nawa ne, ba irin nasa ba.

Lambar sirrin mabuɗin tana cikin ambulan ruwan ƙasa, a aljihun teburin na ƙasa. Ke za ki kai wa Baffanku, hannu da hannu. Ku riƙe tare. Ke ki duba gyara, don shi yana da saurin yarda da mutane. Zauren kuwa nasa ne, dama can nasa ne.

Na huɗu, ga duk wanda zai amsa tambaya da sunan gidan nan. Mai tambaya ya riga ya sha kunya kafin ya rubuto, kada ku ƙara masa. Ku gaishe shi. Idan an taɓa amsawa, ku nuna masa wurin, ku bar ƙirga masa sau nawa. Ku tambayi abin da ya gani kafin ku yanke cewa shi ne bai iya ba. Idan ranku a ɓace yake, ku tashi daga teburin, tambayar ba za ta gudu ba. Duk wannan ba daga ni kuka gani ba. Na dai zauna shekaru ina kallon mai yi, ina jin zafi, har na haddace.

Na biyar. Kada ku goge tsofaffin amsoshina, a bar su a gani. Amma ƙarƙashin wadda na ba matar nan, ku rubuta cewa mai amsar ya ce ita ce da gaskiya, yana neman afuwa. Idan tana raye za ta gani.

Na shida. A jerin waɗanda suka gina manhajar, sunana ya zauna a farko. Ku yi dariya idan kuna so. Na ba shi mabuɗi, na ba shi zaure, 'yata ma ya riga ya samu. Wannan layi ɗaya ku bar mini.

Na so in faɗa wa Baffanku duk wannan da bakina. Ya zo shekaranjiya ya gyara mini matashi, na buɗe baki, sai na ji ina ce masa bai iya ajiye mota ba. Ku karanta masa takardar nan gaba ɗaya, kada ku tsallake komai.

Ku kula da mahaifiyarku, ta yi haƙuri da mutum mai wuyar zama. Kada ku bar wata guda ya wuce ba ku zauna ku ukun a ɗaki ɗaya ba. Idan aka yabi ɗayanku a gabanku kuka ji abu ya soke ku, ku faɗa masa tun ranar, ku yi dariya tare. Allah Ya yi muku albarka, Ya sanyaya harsunanku ga juna, Ya haɗa kanku bayan raina.

Mahaifinku.