Taɓo Ne, Ba Fuskata Ba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can. Nan kowa lafiya lau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, kin san alamar warkewarta ke nan.

Auta, saura ƙiris in rasa aikin sharar da nake yi a asibiti. An kawo mana sabuwar manaja da ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ranar Litinin ta bar takarda game da sashena, wato ƙofar shiga. Shugabarmu ta masu shara, mai ji da Turanci kamar ita ta haife shi, ta karanta a gaban kowa. Ta ce wai an rubuta ni mai ɗaure fuska ce, don haka in nemi wani wurin kafin ƙarshen wata. Ni fa, da ake yi wa tsiya saboda yawan dariya! Wallahi raina ya ɓaci, sai da na yi kuka a ɗakin ajiye bokitai.

Da na share hawaye sai na koma kan takardar, na sa aka nuna mini kalmar da ta fassara da ɗaure fuska, na kwafe ta a tafin hannuna: muddy. Na kai wa mai ba da magani, ya ɗauko ƙamus muka duba tare. Ashe ma'anarta wuri mai taɓo, jiƙaƙƙiyar ƙasa mai caɓi da datti. Ana faɗinta ga hanya, ga takalmi, har ga ruwan da ya gurɓace. Wadda shugabarmu ta hango daban ce, moody, ita ce ta mutumin da yanzu yana fara'a anjima ya murtuke.

Washegari na tare manaja a bakin ƙofa. Na nuna mata bututun rufi da ya fashe, yana kwarara ruwa kan ƙasa, duk mai shigowa sai ya kwaso taɓo komai gugar da na yi. Sannan na nuna ƙasa na ce muddy, na nuna fuskata na ce no moody. Matar nan ta yi dariya har ta dafa bango. Mai ba da magani, da ya rako ni, ya fassara mini cewa ita ba ta taɓa zancen kora ba, gyaran wurin take so. Kafin Juma'a an sauya bututu, an zuba tsakuwa.

Ina nan daram a kan aikina. Jiya wata takardar ta zo, sai ga shugabarmu ta lallaɓo ɗakin bokitai, murya ƙasa-ƙasa, wai in taya ta dubawa kafin ta karanta wa mutane.

Inna da Kawu suna gaishe ki. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan takwarata.

Taki har kullum,
Yayarki