Ramukan da Sabo Ya Toshe a Ƙofofin Motar Mijina

Zuwa ga Shugaban masu gyaran jikin mota da fenti na garejin bayan tasha, Lafiya.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Ni ce Inna Kande, matar marigayi Malam Adamu direba. Ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. Maƙwabciyata Malama Rifkatu, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ita ke rubuta mini wannan takarda. Na gaya mata yadda magana ta fito daga bakina haka za ta sa, kada ta wanke mini ita. Na kuma ce a karanta ta a fili kowa ya ji, don sau biyu ina hawa keke ina zuwa ofishinka, sau biyu ana ce mini Ciyaman ya fita.

Ina gaishe ka, ina gaishe da iyalinka, da fatan kana lafiya. To, gaisuwa ta ƙare, ga abin da ya kawo ni.

Na ɗaya. Ka san motar, kowa a tasha ya san ta. Farar nan mai dogon baya da Malam ya yi ta jigila da ita tsakanin Lafiya da Assakio har ƙarfinsa ya ƙare. Bai bar mini gona ba, bai bar mini shago ba, ita ya bari. A cikinta aka kai shi asibiti tafiyar da bai dawo ba. Yanzu ɗana Yakubu ke jan ta, yana kai mata 'yan kasuwa da kayansu, alabo, gari, agushi, riɗi, abin da dai ya samu. Da ita muke ci. Tsohuwa ce, ban ce yarinya ba ce, amma duk shekarun da ta yi a hannun Malam ruwan sama bai taɓa taɓa ƙafar fasinja ba. Rifkatu, ja layi a ƙarƙashin wannan.

Na biyu. Kafin faɗuwar daminar bana fentinta ya koɗe, sai na ce wa Yakubu a kai ta a yi mata sabo, ko don darajar mai ita. Aka kai ta wurin mutuminka, Sabo mai fenti, wanda rumfarsa ke kusa da bishiyar mangwaro. Ni da kaina na je ranar da aka gama. Sabo ya durƙusa ya gaishe ni, ya zagaya da ni yana nuna mini aiki. Ya ce, "Mama, kin ga ƙasan ƙofofin nan? Duk ramuka ne na tarar, tsatsa ta ci. Na cike su da fila, na goge, na bi da fenti. Ko tururuwa ba za ta shiga ba." Fila ɗin nan wani abu ne kamar tuwo da suke shafawa, in ya bushe ya zama dutse. Na shafa da hannuna na ji sumul. Na sa masa albarka. Ranka ya daɗe, wannan albarkar ita ke ci mini rai har yau. Na sa wa mutum albarka a kan ya kashe mini mota.

Na uku. Ruwan farko da aka yi mai ƙarfi, Yakubu ya dawo kafet ɗin ƙasa ya jiƙe sharkaf. Muka ce ko gilas aka bari a buɗe. Ruwa na biyu, haka. Na uku, matan da ya ɗauko suka sauka suna zagi, buhun alabon da wata ta ajiye a ƙafarta ya koma kamar kunu. Aka mayar wa Sabo. Ya leƙa, ya ce robar ƙofa ce. Ya ɗauko gam ya lafta. Aka yi ruwa, ya shigo. Aka koma, ya ce robar gilas ce, ya ƙara gam. Ruwa ya shigo. Zuwa na uku da ni aka je, sai ya dube ni gaban yaransa da abokan aikinsa ya ce, "Haba Mama, motar nan fa ta girme ni. Ki bar ta ta huta mana, ke ma ki huta." Aka yi dariya. Ni da na haifi wanda ya girme shi. Na ja zanena na tafi, amma ban manta ba.

Tun daga nan motar ta soma wari kamar ramin da ake jiƙa rogo. Gilas ɗin baya ya daina sauka. In ka rufe ƙofa sai ka ji wani nauyi, wani ɓulum-ɓulum a ciki. Mata suka fara cewa gara su jira wata motar. Wa zai ga laifinsu? Kowace da ɗan jarinta a cikin buhu.

Na huɗu, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Wata ranar kasuwa na bi Yakubu Assakio ganin ƙanwata. A dawowa ya ɗauki wata mata 'yar Tibi mai sayar da doya, Mama Ngodoo, tsohuwar fasinjar Malam ce. Tana shiga ta ja ƙofa, sai ta tsaya. Ta sake buɗewa, ta girgiza ta, ta kara kunne. Ta ce, "Direba, tsaya. Ƙofan nan ya sha ruwa, cikinsa ya cika." Ta sauka, ta tsuguna da zaninta a kan laka, tana lalube ƙasan ƙofar. Ta ce, "Ina ramin? Wane ne ya rufe ramin?" Na ce wane rami kuma, ai tsatsa ce, an gyara. Ta dube ni ta ce, "Mama, mijina mota ya ja har ya mutu. Wannan ramin ba tsatsa ba ne, haka aka yi shi. Hanyan ruwa ne."

Ta sa Yakubu ya samo ƙusa da dutse. Bugu uku ya yi, fila ya fashe. Ranka ya daɗe, da ka ga abin da ya fito. Ruwa ja, mai wari, yana tsartuwa kamar an huda randa. Ƙofa huɗu, kowace da cikinta. Mutanen kasuwa suka taru suna kallo, wani yana cewa a kawo bokiti.

A nan bakin hanya matar nan ta yi mini karatun da ya kamata Sabo ya sani tun yana ɗauko wa ogansa guduma. In ana ruwa, dole wani ya bi jikin gilas ya gangara cikin ƙofa, komai kyan roba. Shi ya sa aka yi ramuka a ƙasa, ya fita ya zuba a titi. In ka toshe su, ina zai je? Sai ya taru, ya cika, ya tsallako ciki. Da muka iso gida Yakubu ya ɓalle kwalin ƙofa, sai ga wata ɓarnar. Ashe akwai leda da ake mannawa a bayan kwalin don ta tare ruwa. Sabo ya yage ta lokacin aiki, bai mayar ba, ya rufe abinsa. Abin da ido ba ya gani, ya ce babu ruwansa.

Rifkatu, dakata, bari in sha ruwa. To, rubuta.

Daren farkon damina, ko in ce safiyarsa, duk shekara, Malam yakan fito da wani tsinken tayar keke da ya lanƙwasa wa baki. Ya bi ƙofofin motar ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna, yana sosa ƙasansu, ƙasa da ganye suna zubowa. Ni kuwa ina bakin murhu ina masa tsiya. Nakan ce, "Malam, yau ma sakace ake wa amaryar?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai dama kununki." Bai taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Yakubu yana can wurin aikinsa a lokacin, bai gani ba. Tsinken ga shi nan a hannuna, a aljihun motar yake zama, an naɗe shi a tsumma. Har na so in yar da shi ranar da za a kai ta fenti. Shekara da shekaru ina kallon mutum yana buɗe ramukan nan da hannunsa, sannan na tsaya ina shafa wurin da aka toshe su ina cewa madalla. Ni jahila ce, na yarda. Amma ni ba sana'ata ba ce. Sabo fa? Shi da ya rataya allo ya ce shi gwani ne?

Na biyar. Yanzu mun buɗe ramuka, mun manna sabuwar leda, mun fitar da kafet ya sha rana, ruwa ya daina shigowa. Amma da aka ɗaga kafet ɗin, ƙarfen ƙasa ya riga ya ruɓe. Gefen da nake zama, in mota na tafiya ina hango kwalta tana gudu a ƙarƙashin takalmina. Yakubu ya ce ba zai ɗauki ran mutane a kan wannan ba, kuma gaskiyarsa. Ya ce in damina ta ɗauke ba a gyara ba, zai kira 'yan gwangwan su yanka ta su auna a sikeli, ya nemi keke napep. Na ce sai dai bayan raina. Amma na san halin ɗana, in ya faɗa sai ya yi. Ga dawa ta fara fitar da kai, ka san abin da ya rage wa damina.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba bara nake ba.

Ka kira Sabo, ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen nan ya yi waldar sabo, ƙofofin ma ya kankare tsatsar da ruwansa ya haifar. A gabana za a yi, zan zo da tabarmata in zauna. Ba fila nake so ba, ƙarfe.

Ka tara mutanenka, manya da masu koyo, a kwantar da ƙofar mota a gabansu a nuna musu ramukan nan. Ban san motoci nawa Sabo ya yi wa wannan gwaninta ba. Duk wanda aka yi wa fenti a rumfarsa, in yana jin wannan takarda, ya je ya girgiza ƙofarsa ya saurara.

Sannan maganar da ya yi mini a gaban mutane, a gaban mutane zai janye ta. Ba ni kaɗai ya zaga ba, har da Malam mai motar.

Ranar Alhamis zan zo, Ciyaman, in Allah ya kai mu. Kada a ce mini ka fita, don zan zauna har ka dawo. Zan zo da tsinken Malam. Ba ba Sabo zan yi ba, nuna masa zan yi, ya je ya lanƙwasa nasa.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin gaskiya ko a kan naka ne, ya tsare iyalinka daga aikin wanda bai sani ba kuma ba ya tambaya. Malam kuma Allah ya jiƙansa, ya yafe mini tsiyar da na yi masa.

Wassalam. Ni ce Inna Kande.

Rifkatu, rufe biron haka nan. Na gaji.

Ni Rifkatu, iyakar abin da ta faɗa mini ke nan. Ta jingina da bango, tsinken yana hannunta.