Ba Wanda Zan Aika Wa Lawal

Hajiya Binta,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba. Da ranki ma ba karatun boko kika yi ba, ni nake karanta miki takarda kina gyara mini ma'ana. Amma yau kwana shida da muka kai ki makwanci, kuma akwai maganar da ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Gida lafiya. 'Yan'uwanki na Sandamu suna nan, gobe sadakar bakwai. An yi ruwa shekaranjiya, geron da kika sa aka shuka a bayan gida ya tsiro.

Binta, har yanzu Lawal bai sani ba.

Kin san yadda muke yi. Wa ya taɓa ɗaukar waya ya ce wa mutum uwarka ta rasu? Cewa ake yi jiki ya matsa, ka zo. Ranar da Inna ta rasu ina Kano wajen shanu, haka aka aiko mini. Na shigo lungu na ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, ba wanda ya buɗe baki, na gane. To, haka na yi wa ɗanki. Ranar Talata na aika masa saƙon murya, na ce jikinki ya matsa. Na manta Brazil ba Kano ba ce.

Shekara takwas yana can yana yanka kaji da bisimilla a masana'anta, cikin mutanen da ke yaren Fotugis, har yaren ya fara taɓa Hausarsa. Ya ɗauki maganata yadda na faɗe ta. Jiya ya aiko cewa ranar Litinin zai ajiye aikin ya nemi jirgi, don ya same ki da rai. Takardar izinin zamansa a ƙasar ba ta gama fitowa ba. In ya fito yanzu, ba tabbas su sake buɗe masa ƙofa. Matarsa kuma tana da tsohon ciki, ba ta da kowa a garin sai shi.

Na nemi wanda zan aika ya zaunar da shi, ya kama hannunsa. Aka ce akwai wani ɗan Kongolam, nan kusa da mu, a ƙasar. Na yi murna, na je wurin Malam Isiyaku, tsohon hedimasta, ya shimfiɗa mini taswira. Ya ce Najeriya tara za ta shige cikin ƙasar nan. Mutumin Kongolam yana arewa bakin teku, inda ake kira Bahia, Lawal kuma yana can kudu inda suke sanyi lokacin da mu muke damina. Tsakaninsu ya fi daga nan zuwa Legas nesa ba kusa ba. Ni da nake tsammanin zai hau babur ya je bayan sallar Juma'a.

Malam bai bar ni haka ba. Ya ce Bahia ɗin nan a can aka sauke mutanenmu zamanin bauta, har da Hausawa masu karatun allo, kuma har yau suna da wata shinkafa da suke kira ta Hausa. Na dawo gida ina tunanin waɗannan. Wa ya taɓa gaya musu iyayensu sun rasu? Haka suka tsufa suna ɗaukar kowa na gida yana raye.

Bari in faɗi abin da na ɓoye miki. Ke ba ki yarda ya tafi ba. Ni na ce masa ya tafi, sannan na zo na ce miki shi ya nace. Ba ki taɓa tsare ni da maganar ba, amma ina jin kin sani. Shekara arba'in da ɗoriya ba ki taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, ko a waya sai dai ki ce yaya wajen naku. Ranar Litinin ɗin da ta wuce da hantsi, kafin ki cika, kin kira sunansa sau biyu, a fili. Ni kaɗai na ji. In gaya masa wannan, ko zai fi masa nauyi?

Kuma ba al'ada kaɗai ce ta rufe mini baki ba. Tsoro nake ji. In na faɗa masa da bakina, to ta tabbata ke nan a wurina ma.

Gobe gidan nan zai cika da mutane, kowa da waya a hannu. Ba na so ɗanki ya ga labarinki a hoton tukunyar sadaka. Agogonmu ya riga nasu da awa huɗu. In an sallame la'asar yau, su rana ta yi tsaka, ya tashi aikin Asabar. Zan shiga ɗakinki in rufe ƙofa. Zan fara tambayarsa ko yana zaune, in ce ya kira matarsa kusa da shi. Sannan in faɗi kalmar, ba kewaye-kewaye, in ce masa ya zauna inda yake.

Ki yafe mini, ki yafe masa rashin zuwa. Allah ya haskaka kabarinki. Ga ladan can ya fara gyaran murya.

Mijinki,
Mamman Mahauci, Daura