Suna na Biyu a Dosiyen Iya

Kore Mairuwa, 3 ga Maris

Yaya Mani,

Gaisuwa mai yawa, kai da Jamila da yara. Ya sanyin Beljik?

Ga dosiyen Iya, wato takardun neman bizarta, na cika. Ta yarda ta zo a cire mata yanar idon, don yanzu ko ni sai na yi magana take gane ni.

Amma duba gurbi na goma sha huɗu, inda anka ce a rubuta waɗanda mutum ke ciyarwa a gidansa. Na ce babu kowa. Iya ta ce, "Ke, rufe min baki! Doguwar da na gada wajen kakarku fa, iskar gidan nan? Shekara arba'in ina yanka mata baƙar akuya gindin rumbu, yau in ce wa gwamnati ni kaɗai ce?" Yini guda ta ƙi cin abinci, sai da na rubuta Doguwa. Kada ka yi min faɗa.

Ƙanwarka,
Husaina

Liyej, 19 ga Maris

Husaina,

Bayan gaisuwa. Haba! Ke da kike koyarwa a lakwal, malamar makaranta guda? Waɗannan takardu ba wasa ba ne. Duk sunan da ya shiga sai an nemi hotonsa da takardar haihuwarsa, in babu su ce ƙarya aka yi, su rufe wa Iya ƙofa. Likita kuma ya ce in an wuce bana idon ba zai gyaru ba. Ina zan samo hoton iska?

Na cika sabuwa da hannuna, na bar gurbin fayau. Ta dangwala yatsa kawai, kada ki karanta mata.

Ki gaishe ta.
Mani

Kore Mairuwa, 12 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa, amma wallahi ba lafiya ba.

Na yi yadda ka ce. Ta dangwala ba ta tambayi komai ba. Ran Litinin munka tafi Yamai ɗaukar hoto da zanen yatsu. Mai ɗaukar hoton ya leƙa na'urarsa ya ce, "Madam, ki matsa daga bayanta." Yaya, ina bakin ƙofa, bayan Iya bango ne fari. Sau uku yana ɗauka yana cewa a matsa. Daga baya ya taso da kansa ya zagaya kujerar, ya koma ya zauna yana share zufa. Ya miƙo min dosiyen bai dube ni ba, ya ce bai cika ba, da saura mutum guda.

Munka kamo hanyar gida a mota har munka wuce Dosso. Sannan Iya ta juyo ta kafe ni da idon nan da ba ya gani, ta ce da wata murya mai kauri da ban san ta da ita ba, "Wa ya fid da ni?" Na ce ban sani ba. Ta yi murmushi, ta ce ba komai, ta san hannun.

Don Allah ka yi wani abu. Tsoro nake ji.

Husaina

Liyej, 27 ga Afrilu

Husaina,

Ina gaishe ki. Rubutun Jamila ne wannan, ni ke faɗa mata. Tun ranar da kuka je Yamai hannuna na dama ya sandare, ko cokali ba na iya riƙewa. An yi gwaji iri-iri a asibiti, ba su ga komai ba.

Ga wata sabuwar takarda nan, na mayar da sunan Doguwa da hannun hagu. Wajen dangantaka na sa 'yar gida. Babu hoto, babu takardar haihuwa, na san ƙi za su yi, idon Iya ya tafi ke nan. Laifina ne. Ki roƙa min gafara wajenta. Wajensu.

Yayanki,
Mani

Kore Mairuwa, 30 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Biza ta fito, ta mutum biyu. Ba su tambayi hoto ba, sun ce suna da shi.

Iya ta ce tikiti guda ya isa. Amma ka share ɗaki biyu, kuma na biyun kada ya yi kusa da na yara.

Allah shi kiyaye mu.
Husaina